Ranar da Manzo Ya Auna Zukatan Tungar Maidoki

A Tungar Maidoki, wani ƙauye da ke kan hanyar Filinge zuwa Bonkuku, ba a taɓa haihuwar gwani irin Manzo ba, in dai bakinsa za a bi. Shi ne ya karɓi rediyon liman don ya ƙara mata murya, ta yi shiru har yau. Shi ne kuma ya ɗura wa akuyar maƙwabcinsa maganin kumburin ciki da hantsi, aka ci namanta da la'asar. Wani in ya yi irin waɗannan sai ya riƙa bin bayan gari, amma Manzo ta tsakiyar kasuwa yake ratsawa, yana gyara hula, yana ba da labarin yadda akuyar ta ƙi bin ƙa'idar magani.

Abin da ya sa a gaba bana makulli ne guda ɗaya. Matan ƙauyen suna da garka a bakin fadama, shekara tara suna noman pompiter, wato dankalin turawa, da sho, wato kabeji, da salati, suna jan ruwa da guga har tafin hannunsu ya yi kanta. Sai wani furoje, wato shirin tallafi, ya zo ya haƙa musu rijiyar burtsatse, ya kafa faranti masu shan rana, ya sa injin tura ruwa a cikin ɗan ɗaki mai ƙofar ƙarfe. Wanda ya riƙe makullin ɗakin shi zai buɗe ruwa safe da yamma, shi zai ce yau fangalin wance za a fara shayarwa. Mutanen furoje suka damƙa makullin a hannun mai gari Bawa, suka ce gari ya zaɓi mai riƙewa. Shi kuma ya ce ranar Alhamis ta sama zai miƙa shi a bainar jama'a.

Kowa ya san hannun da makullin ya dace da shi. Hajara ce shugabar matan garka, ita ta kafa shingen farko da hannunta. Kuma taubashiyar Manzo ce, 'yar kawunsa, wadda in ta buɗe baki a kansa sai ya nemi inuwa. Amma Manzo ya riga ya hango kansa da makulli rataye a wuya, baƙi suna saukowa daga farar mota suna tambayar ina shugaban ruwa. Bai taɓa dasa ko tushen albasa ba. Wannan bai dame shi ba, domin a ganinsa yana da abin da ya fi guga da kwasa, wato ilimin zuciya.

Ga inda ya samo ilimin. Bayan girbi wata ɗalibar likitanci mai suna Anisa ta zo daga Yamai ta sauka a ɗakin shan magani na ƙauyen. Ba marasa lafiya take nema ba, lafiyayyu take so, maza da mata. Kowa zai kwanta rigingine na ɗan lokaci, ya zauna, sannan ya miƙe tsaye, ita kuma injinta yana rubuta yadda tazarar da ke tsakanin bugu da bugu take canzawa. Aikin Manzo a wurin shi ne shimfiɗa tabarma, jawo kujera, da kiran wanda layi ya zo kansa. Kwana shida ya yi yana wannan. Abu biyu kunnensa ya tsinta: cewa zuciya tana canza gudu, da cewa ta maza da ta mata sun ɗan bambanta. Anisa na shiga mota, Manzo ya zama likita.

Ranar Lahadi ya hau mota kan buhunan wake ya tafi kasuwar Filinge. A rumfar mai sayar da kayan waya ya ga wata 'yar na'ura mai baki kamar na agwagwa, wadda in ta cije yatsa sai ta nuna yawan bugun zuciya da koren haske. Ya saye ta, ya ƙara da kaye da bik, wato littafin rubutu da biro, ya dawo ya sa matarsa Hamida ta wanke masa farar rigarsa ta Idi. Da safiyar Litinin sai ga shi a zauren mai gari.

Ya yi gaisuwa, ya gyara zama, ya shiga bayani. Ya ce shi ba don kansa ya zo ba, don gari ya zo. Inji abu ne mai son natsuwa. Zuciyar namiji a hankali take tafiya, ɗaya bayan ɗaya, amma ta mace gudu take tana tsalle, kuma ranar da inji ya yi tari mace za ta ruɗe ta murɗa abin da ba a murɗawa, gari ya tashi babu ruwa babu inji. Ya ce wannan ba maganarsa ba ce, maganar likitocin Yamai ce, da shi aka yi binciken.

Mai gari Bawa tsoho ne da ba ya son rigima, amma yana son kallo. Ya dubi na'urar, ya dubi farar rigar, ya dubi dattawa biyu uku da suke gyaɗa kai saboda dama abin yana sukarsu a ce mata sun sami inji maza ba su samu ba.

"To, Manzo," in ji shi, "tunda da awo kaz zo, tahi ka auno muna. Ran Alhamis ka kawo shaida, in ta tsaya makulli naka ne."

Manzo ya fara da maza. Bayan azahar ya same su a gindin bedi, wato dogon yaro, sun sha fura sun miƙe a kan tabarmi, wasu rigingine, wasu sun tada kai da takalmi. Bai wahalar da kowa ba, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana maƙala musu abin a inda suke kwance. Sittin da biyar, sittin da takwas, saba'in. Yana rubutawa yana jinjina kai, yana cewa maza ke nan. Da ya zo kan Dodo mahauci ya tarar ya yi nisa a barci, baki buɗe. Ya ɗaga yatsansa a hankali ya maƙala. Hamsin da takwas. Manzo ya miƙe ya sanar da cewa duk ƙasar Kurfai babu zuciyar zaki irin wannan.

Hayaniyar ce ta farkar da zakin. Dodo ya ji abu ya cije masa yatsa, ya tabbata kunama ce, ya zabura da salati ya yi fatali da butar shayi, ya taka ƙafar mai kwance kusa da shi, yana yarfe hannu yana kiran a kawo masa wuƙa. Kafin a riƙe shi lambar ta kai ɗari da goma sha biyar. Wani ya leƙa ya ce a rubuta wannan ma. Manzo ya rufe kaye ya ce ba za a rubuta ba, wannan ba bugun Dodo ba ne, bugun kunama ne.

Washegari da hantsi ya nufi mata. A nan ya gamu da abin da bai shirya masa ba, ko da yake shi bai gane matsala ba ce. Babu matar auren da za ta kwanta a gaban namijin da ba mijinta ba, a fili, rana tsaka, don wai a auna ta. Ko zama ma ba su da lokacinsa, domin ba a buɗe inji ba tukuna, da guga ake shayarwa. Saboda haka ya tsaya a ƙofar garka yana tare su kamar mai karɓar tikiti. Mace za ta jawo guga takwas, ta ɗora bokiti a ka, ta hauro gangaren rairayi tana haki, sai ta ji an ce miƙo yatsa. Ɗari da huɗu. Ɗari da goma. Ɗari da goma sha biyu. Manzo yana rubutawa yana tsaki, yana cewa dama ya faɗa.

Da aka zo kan Hajara ba ta yi gardama ba. Ta miƙa yatsa, bokiti a kanta, goyon jikarta a baya, tana kallonsa da irin kallon da take yi wa awaki in sun matso kusa da shinge.

"Ɗari da takwas," ya ce. "Taubashiya, zuciyarki tsere taka yi. Wa ka bin ki?"

"Aiki ka bi na," ta ce. "Kai da bai taɓa bin ka ba, ina za ka san shi?"

Matan suka kwashe da dariya. Manzo ya rubuta a gefen sunanta cewa tana da yawan magana, wanda shi ma alama ce.

Sai ga Albarka, matar maƙeri, ta sha baƙin lalle har gaɓa ta biyu saboda bikin suna a gidan ƙanwarta. Aka maƙala, na'ura ta yi ta ƙifta ido ba ta nuna komai ba. Aka sauya yatsa, shiru. Manzo ya girgiza ta, ya hura mata iska, ya sake gwadawa, shiru. Maimakon ya ce abin ya ƙi, sai ya dubi matar mutane da tausayi ya ce ta yi haƙuri, ita ba a samu komai ba. Ya rubuta babu.

Kafin azahar labari ya kai maƙera cewa an auna Albarka an tarar ba ta da zuciya. Maƙerin yana cikin bugun ƙarfe, bai ɗaga kai ba, ya ce shi shekara goma sha biyu ke nan da sanin haka, ba sai da inji ba. Wasa ya yi, amma maganar ta riga shi isa gida. Da ya koma cin abinci ya tarar da tukunya a kife, Albarka ta ɗaure kayanta ta tafi gidan iyayenta a Sanam. Da yamma aka ga maƙeri yana zagaya gari da ƙotar gatari yana tambayar ina likita. Likita kuwa yana cikin rumbun maƙwabci, yana nazari.

Ranar Laraba ya lallaɓa zauren mai gari don ya nuna ci gaban aiki. Tsautsayi ya sa tsohon ya dawo ke nan daga sasanta maƙeri da surukansa ta waya, ransa a ɓace, ya kuma tako da ƙafa daga bakin hanya inda layinsa yake samun rezo, wato sabis na waya. Ya miƙa yatsa ya ce a auna shi shi ma ya ji. Lamba ta fito casa'in da tara, kusa da ta matan garka. Zufa ta karyo wa Manzo. Ya kare hasken da babban yatsansa, ya yi gyaran murya, ya ce ai ta sarakai dabam take, domin ba bugun mutum ɗaya take yi ba, da na talakawa take haɗawa. Mai gari ya ce ashe, shi ya sa yake jin gajiya. Gefen bakinsa ya ɗan motsa.

A gida ma bai samu sauƙi ba. Hamida tana da fangali huɗu a garkar, kuma da pompiter ɗinta ake miyar da yake lashe kwano. Tana daka ya zo da na'ura, ta ce in ya matso da abin nan za ta haɗa da shi a turmi. Ta ce ya tuna ranar da ya gyara famfon masallaci aka yi sati ana alwala a tafki. Ya ce mata wannan fushin ma da za a auna da an gani. Sannan ya ƙudura a ransa gobe ba zai ci komai ba tun safe, don zuciyarsa ta yi sakayau ko da an ce a gwada shi a gaban mutane.

Alhamis bayan la'asar gari ya taru a ƙofar mai gari. Maza a kan tabarmi, mata a tsaye daga baya, makulli a kan buzu gaban tsoho yana ƙyalli. Manzo ya fito cikin farar riga, ya buɗe kaye, ya karanta lambobin maza da murya mai daɗi, ya karanta na mata kamar mai sanar da rasuwa. Ya rufe da cewa lamba ba ta ƙarya, ba ta da dangi, ba ta da taubashi. Dattawa suka gyaɗa kai. Har ya ɗan matsa kusa da buzu.

Hajara ta tako gaba ta durƙusa ta gai da mai gari, ta ce tambaya biyu gare ta.

"Ranka shi daɗe, a tambaye shi, Dodo da anka auna, tsaye shike ko zaune?"

"Kwance nike," in ji Dodo daga cikin taro. "Barci nika yi, Allah shina gani."

"Ni hwa, Manzo, yaya ka iske ni?"

Manzo ya ce wannan ba ya cikin bincike. Ta ce to ita za ta tuna masa: guga takwas, bokiti a ka, goyo a baya, gangare a ƙafa. Ta ce ko jakin gidansu aka auna a kwance aka auna shi Manzo yana gudun maƙeri, jakin ne zai ci makulli. Maƙeri ya ce a gwada, shi a shirye yake. Aka yi dariya har da dattawan da suka gyaɗa kai ɗazu.

Manzo ya ɗaga murya ya ce su je su tambayi likitocin Yamai. Abin da Hajara take jira ke nan. Ta kwance bakin zane ta fito da waya, ta miƙa wa Abdulrazak, malamin lakkwal, wato makarantar boko, wanda ake kira Mushe, ya hau kan turmi inda rezo yake kamawa, ya kira Anisa ya buɗe murya kowa ya ji.

Da aka ba ta labari sai da ta yi dariya ta isa, sannan ta yi bayani a taƙaice. Ta ce kowane mutum, mace ko namiji, in ya kwanta zuciyarsa tana sassautawa, in ya miƙe tana ƙara gudu, balle ya ɗauki kaya. Bambancin maza da mata kaɗan ne, ba a ganinsa sai an auna su a hali ɗaya, kuma bai shafi hankali ko jarumta ba. Ta ce abin da ita ta zo dubawa ma ba yawan bugu ba ne, yadda yake ɗan hawa yana sauka ne tare da numfashi, kuma wannan hawa da saukar alamar lafiya ce ga mai hutawa. Ta ƙara da gaishe da Baba Manzo, ta ce ba ta manta da yadda ya iya shimfiɗa tabarma ba.

Da wani ne, da jin haka sai ya nemi hanyar gida. Manzo ya ce yarinya ce, karatunta bai ƙare ba, kuma ita ma mace ce, dole ta kare nata. Mai gari ya ɗaga hannu. Ya ce magana ta yi sauƙi: a kawo tabarma biyu, namiji ɗaya mace ɗaya su kwanta a auna, su tashi su ɗauki bokiti a auna, Mushe ya karanta lamba. Wanda tasa ta fi natsuwa, ɓangarensa ya ɗauki makulli.

Manzo ya yi wuf ya ce shi zai tsaya wa maza. Murna ta cika shi, domin ya san garinsu. Wace mace ce za ta miƙe a tabarma a ƙofar mai gari, gaban liman da dattawa da surukanta? Ya tuɓe takalmi ya kwanta rigingine, ya harɗe hannu a ƙirji, ya ce in babu mai fitowa a miƙo masa abinsa a nan inda yake. Matan suka dubi juna. Hajara kanta ta sunkuyar da kai, domin ƙanen mijinta da baffansa suna zaune a sahun gaba. Manzo ya fara kaɗa ƙafa.

Sai aka ji sanda tana taɓa ƙasa. Wata tsohuwa ta ratso mata a hankali, ta fi shekara saba'in, busasshiya, mai ƙarfin ƙashi. Inna Hassana ce, mahaifiyar Hamida, wato surukar Manzo. Shekara goma sha biyar bai taɓa haɗa ido da ita ba. In ya hango ta a hanya takalmi yake tuɓewa ya durƙusa ya kau da kai, bai taɓa cin ko gyaɗa a gabanta ba, ko sunanta ba ya iya kamawa.

"Rabin mazan ga ni na yi musu wankan jego da uwayensu," in ji ta. "Wa zan ji ma kunya? Ku gyara mini tabarma."

Ta ajiye sanda ta kwanta, taku biyu tsakaninta da mijin 'yarta, ta gyara mayafi, ta lumshe ido kamar a ɗakinta.

Abin da ya sami Manzo ba ya faɗuwa. Ya yunƙura zai tashi, mai gari ya ce wanda ya tashi ya faɗi. Ya mirgina can gefe har rabin jikinsa ya sauka a ƙasa, ya juya fuska wajen bango, aka ce rigingine aka ce. Ya dawo rigingine, ya ja hula ya rufe fuska. Tausayi ma ya ba wasu, amma ba wanda ya tafi.

Mushe ya fara da tsohuwa. Ya ce sittin da shida, saba'in, sittin da bakwai, saba'in da ɗaya. Daga ƙarƙashin hula Manzo ya ce a lura, tana rawa. Muryar Anisa ta fito daga waya ta ce wannan rawar ita ake so, Allah ya ƙara wa Inna lafiya. Sannan aka maƙala wa Manzo. Ya riƙe numfashi don ya danne zuciyar, jijiyoyin wuyansa suka tashi. Mushe ya duba, ya goge gilashin da bakin riga, ya sake dubawa, ya ce ɗari da ashirin da takwas. Aka jira ko za ta sauka. Ta kafe a nan, ba gaba ba baya.

Tsohuwa ta juyo da kai ta dube shi da kulawa ta gaskiya.

"Manzo, ɗana, ka ko ci abinci yau? Leɓonka ya bushe."

"Ɗari da talatin da bakwai," in ji Mushe.

Dodo ya faɗi a kan na kusa da shi don dariya. Liman ya rufe baki da rawani, kafaɗunsa suna motsi. Mai gari ya ce a tashi, a kawo bokitai. Inna Hassana ta juya gefe, ta dafa ƙasa, ta zauna ta ɗan huta, sannan ta miƙe a hankali yadda ta saba kullum. Aka yi mata gammo aka ɗora, ta tsaya kyam. Mushe ya ce casa'in da biyu, ya cire abin ya mayar yatsan Manzo.

Manzo ya ga saura wannan kaɗai ya rage masa. Ya ce bari a ga tashin maza. Ciki babu komai tun jiya, ya daɗe a kwance yana riƙe numfashi, sai ya zabura ya miƙe tsaye lokaci ɗaya, ya fizge bokiti daga hannun mai miƙowa ya ɗora a kan hula ba gammo. Ya buɗe baki zai ce wani abu. Sai ya ga ƙofar mai gari ta yi sama, jama'a sun koma biyu biyu, duhu ya taso daga gefen idonsa. Ya sulale ƙasa, bokiti ya biyo shi ya juye a kan farar riga da kaye da ƙafafun dattawan sahun gaba.

Aka yi kansa ana fifita. Anisa tana cewa ta waya a bar shi kwance, a ɗaga masa ƙafafu, a ba shi ruwa da sukari in ya farfaɗo. Surukarsa ce ta sauke bokitinta ta kama ƙafafun ta ɗora a kan turmi, kuma Allah ya taimake shi bai san an yi ba. Tawadar kaye ta narke ta bi ruwa, lambobin maza da na mata suka gauraye a cikin taɓo.

Bayan ɗan lokaci ya buɗe ido. Ya ga sama, ya ga fuskoki, ya ji abin yana nan maƙale a yatsansa. Ya ɗaga hannun da ƙyar wajen malamin lakkwal.

"Mushe, karanta."

"Saba'in da huɗu."

"Kun gani," in ji Manzo daga cikin taɓo. "Zuciyar namiji ke nan."

Mai gari Bawa ya matse ruwa daga bakin rigarsa, ya ɗauki makulli daga kan buzu.

"Mun gani, Manzo, kuma mun shaida. In kana kwance babu mai zuciya irin taka. Sai dai ruwan ga a tsaye aka buɗe shi."

Ya miƙa wa Hajara. Ta karɓa da hannu biyu, ta ɗaure a bakin zane, ta ce wa taubashinta kada ya tashi da sauri, garka ba ta gudu, in ya warke akwai fangalin da ke son kwasar taki. Mata suka juya suka nufi fadama don su riski rana kafin ta faɗi, maza suka bi su kallo. Hamida ta tsaya ta ba shi ruwan sukari, ta ce ya tashi, Inna ta tafi. Ya tambaya ko ta yi nisa, ta ce ta yi, ta ajiye moɗa kusa da kansa ta bi sahun 'yan uwanta da sauri.

Bai tashi ba. Yana nan kwance a ƙofar mai gari, ƙafafu a kan turmi, har ya jiyo ruwa ya ɓarke a garka, guɗa ta tashi. A cikin muryoyin duka, ta matarsa ce ta fi tsawo.